Mai Tallar Irin Dawa

Toranke, cikin bazara

Zuwa ga taubashina Mudassir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Legas ɗin nan taka da ta haɗiye ka ta hana mu ko ƙeyarka. Mu nan lafiya lau, sai zafi da kewa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, maganin da ka ba Ɗanladi direba ya kawo ya karɓe ta. Zaituna matar Hamma tana nan cikin takabarta, ta rame, amma tana ci tana sha. Kowa yana gaishe ka.

Na san za ka yi dariya ka ce malamar firamare ba ta rabo da biro, ga waya a duniya amma sai ta bi ta motar Ɗanladi. Yi dariyarka. Tun rasuwar yayana Hamma, duk lokacin da na kira ka kuka ke riga ni magana, mu ɓata kati a kan "ya haƙuri, ya haƙuri". Takarda kuwa tana jira na in share ido in ci gaba.

Babbar wayar da ka aiko wa Inna don ta ɗebe mata kewa, wadda ka sa wa manhajar kamfaninku ta kallo, ta zama talabijin ɗin gidan nan. Da la'asar sai mu jingina ta da tulu a ƙarƙashin rumfa, mu zauna. Ka san goggonka, da can cewa take fim aikin waɗanda ba su da gero a turmi ne. Yanzu tana zama, amma da faifan wake a cinya, don kada a ce kallo take.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. Rannan muna zaune, ni da Inna da Zaituna da Hansai maƙwabciyarmu, ana tsakiyar wani shiri sai aka yanke aka sa talla. Aka fara kiɗan goge. Sai ga gona. Na gane kukar nan mai reshe biyu kafin in gane mutumin da ke tsaye a gabanta. Gonarmu ce ta bakin fadama, Mudassir. Kuma Hamma ne. Yana riƙe da zangarniyar dawa, yana dariya, yana cewa shi manomi ne daga Toranke, ya shuka irin kamfanin nan, ga abin da Allah ya ba shi. Muryarsa ce sak, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana.

Sai a lokacin na tuna. Bara da kaka ya dawo daga gona da sabuwar hula, ya ce wasu masu kyamara sun tare shi sun sa shi magana. Muka yi ta tsokanarsa muna ce masa jarumin fim. Ba mu sake jin labarin ba, har Allah ya yi ikonsa a hanyar Gaya.

Zaituna ta saki ƙara ta ruga ɗaki. Hansai ta dinga salati. Inna ba ta ɗaga kai daga faifanta ba. Da aka gama sai cewa ta yi, "Wannan mai tallar ya cika surutu. Ana kallon abu sai a tsoma wa mutane shi."

Tun daga ranar kusan kullum sai tallar ta zo. Da an fara gogen nan Zaituna take tashi. Inna kuma sai ta juya wa wayar baya ta ce, "Ga mai surutun nan kuma." Ni ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba. Ka san Hamma da ƙin hoto, ba mu da komai nasa sai ɗan hoton katin zaɓe da ya dushe, wayarsa kuma ta ragargaje tare da babur ɗin. Ga shi nan da rai yana dariya, amma kafin ka cika ido da shi ya wuce, ba a iya tsayar da shi, ba a iya dawo da shi baya. Zuciyata ba ta gama ɗaukar abin ba.

Na sa maka kuka da daddawa da yaji a cikin ledar. Ka ci, na ji an ce ka zama kamar sillen kara.

Taubashiyarka,
Fiddausi

Legas

Zuwa ga Malama mai jan biro,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, daddawar ta cika min ɗaki da ƙamshin gida har abokin zamana yana tambaya ko wani abu ya mutu. Na gode. Ki gaishe min da Goggo da kyau, ki gaishe da Zaituna. Ni lafiya, sai aiki.

Na karanta wasiƙarki a ofis, dole na fita waje na tsaya. Fiddausi, wallahi ban sani ba. Kuma abin da ya fi ci min rai shi ne, yankewar nan da ake yi a sa talla, aikina ne. Ba wani aiki nake yi a kamfanin nan ba sai shi.

Bari in yi miki bayani kamar yadda kike yi wa 'yan aji uku. Kallo a manhajarmu kyauta ne, to talla ce take biyan kuɗin. Ni da abokan aikina mu ke tsara inda za a yanke shiri. Mukan nemi wurin da magana ta ƙare, kada a katse mutum da kalma a baki. Mu tabbatar ƙarar talla ba ta fi ta shirin ba, don kada a firgita masu kallo. In ta ƙare kuma shiri ya koma daidai inda ya tsaya. Wata da watanni muka yi muna fama da wannan, har ina alfahari da shi. Amma tallar kanta ba a hannunmu take ba. In an kai wurin yankewa, wayar sai ta tambayi wani kamfani na dillalan talla: ga mai kallo a gabashin Kano, me za a nuna masa? Su suke zaɓowa su turo. Ta zo ta wuce, ba ta zama a wayar, ba ta zama a wurinmu. Shi ya sa ni a nan tallar banki da ta taliya nake gani, ku kuma ake kawo muku ta iri da taki. Ban taɓa ganin ta Hamma ba.

Na yi ta tunanin Goggo. Ban samu jana'iza ba, ban samu sadakar uku ba, sai ga shi abin da na aika don ya sanyaya mata rai shi ne yake fama mata ciwo kullum. Tsohuwa tana zaune a gidanta, sai a watso mata fuskar ɗanta da ya rasu, ana tallar iri da shi. Har sai ta juya baya. Ita kuma Zaituna tana cikin takaba. Wannan ba daidai ba ne.

Kin tuna hutun da aka kawo ni Toranke daga Gaya ina ƙarami, na ce sai na kora amalanke? Kowa ya hana, Hamma ne ya ɗora ni, ya ba ni igiya, ya riƙe ƙarshenta a ɓoye ta bayana, na yi ta cika baki ni na kai mu gona. Sai da na girma ya faɗa min. Ban taɓa yi masa komai ba a rayuwarsa, kullum cewa nake sai na samu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ki bar min wannan maganar a hannuna.

Na ba Ɗanladi wani maganin ƙafar, da sabuwar igiyar caji.

Naki,
Mudassir

Toranke, an fara haɗa hadari

Mudassir,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, jarrabawar yara ta sha kaina, ga motar Ɗanladi ta kwanta a gareji, sai yanzu ya ce zai taso. Muna lafiya. An yi yayyafi sau ɗaya, bai isa shuka ba, amma kowa ya fito da fartanyarsa yana kallon gabas. Gonar bakin fadama ɗan kawu ne zai noma mana bana.

Na gode da darasi, ɗan aji uku ya gane. Sai dai ban gane abin da kake nufi da in bar maka maganar a hannunka ba. Ko me kake shirin yi, ka dakata tukuna. Ina ganin ni ce ban faɗa maka abin daidai ba, don ni ma a lokacin ban gani daidai ba.

Ka daɗe a birni, bari in tuna maka wace ce goggonka. Hamma ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarmu, can ya girma. Ni da na tashi a gidan nan ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, ko sau ɗaya. "Yaron nan", "wancan", "mutumin gona", shi ke nan. In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In ta dafa abin da yake so sai ta ba ni ta ce in kai wa Zaituna, wai ya yi mata yawa. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka uwarta ta yi, kuma a wurinsu wannan ce mutunci. Ranar da aka kawo gawarsa mata suna ta faɗuwa, ita tana shimfiɗa wa baƙi tabarma. Har yau ana yabonta a garin nan, wai Hajo akwai kunya, akwai dauriya.

To na fara lura da wasu abubuwa. Matar da ba ta san inda ake kunna waya ba, yanzu tun da hantsi take tambayata ko sola ta cika ta. Ta daina yarda a sa fim, sai shirin manoma, wai shi ne mai amfani. Na gane daga baya cewa a shirin manoma tallar ta fi zuwa. Ita ta riga ni ganewa, ba tare da darasinka ba.

Sannan bakin nan nata da ke cewa "ga mai surutun nan", hannunta ba ya bin sa. Da an fara goge yatsunta suke tsayawa a cikin wake, ba sa sake motsi sai ya gama magana. Shekaranjiya na zauna ta gefenta maimakon gabanta. Ka san murfin kwanon silba da take kifewa a kan katangar rumfa? Ta matsar da shi. In ta juya wa wayar baya, murfin yana gabanta, hasken wayar yana faɗawa a kansa. Ba wani abin kirki ake gani ba, inuwa ce kawai mai motsi, a karkace. Shi take kallo, Mudassir. Ta wutsiyar ido, a jikin murfin kwano.

Na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska. Ban nuna mata na gani ba, kuma ba zan nuna ba. In ta san an gane, ba za ta sake zama a rumfar ba.

Zaituna ma ta daina tashi. Takan tsaya a bakin ƙofa ta kalla, ta ce gara wannan da babu. Saura kaɗan ta fita takaba, za mu raka ta gidansu a Gafasa.

Don haka ka bar komai yadda yake. Abin da kawai nake roƙo, in akwai dabara, ka samo mana tallar mu ajiye.

Fiddausi

Legas

Fiddausi,

Assalamu alaikum. Shiru na ji daga wajenki, na kira Ɗanladi ya ce motarsa ce ta lalace. Ina fata kuna lafiya, ƙafar Goggo kuma da sauƙi. Na ba wani ɗan Gaya da zai taho gida wannan takardar, ya ce zai bar ta a shagon Ɗanladi.

Albishirinki. An gama.

Da farko na yi niyyar in cire wa wayar Goggo talla gaba ɗaya, wannan abu ne mai sauƙi a wurina. Sai na tuna ba ita kaɗai ba ce. Akwai abokansa, akwai dangin Zaituna a Gafasa, akwai duk wanda ya san shi daga Ajingi har Gaya, kowa ana watsa masa. Sai na bi ta hanyar da ta dace. Na rubuta wa dillalan tallar cewa mutumin da ke ciki ya rasu, ni ɗan'uwansa ne, kuma mahaifiyarsa da matarsa suna shan wahala da ganinta. Shugabana ya sa hannu. Ba su ja ba ko kaɗan. Sun ce suna da ƙa'ida a kan irin wannan, suka janye ta daga ko'ina, ba a manhajarmu kaɗai ba. Kamfanin irin ma sun kira ni da kansu, sun ba da haƙuri, sun ce ba su da labari, za su sake wata da wani manomin. Sun ce a isar da ta'aziyyarsu ga iyali.

Ban san yadda zan faɗa miki sauƙin da na ji ba. Tun rasuwar nan ban yi barci mai daɗi ba sai yanzu. Ko ba komai na yi wa Hamma abu ɗaya, na rufa masa asiri, na bar mahaifiyarsa ta yi kallonta cikin kwanciyar hankali.

Ba sai kin faɗa wa Goggo ni ne ba. Ba don a gode min na yi ba. Amma ke kam, taubashiya, kin ci bashin tukuici, kuma ba na karɓar kuka da daddawa a wannan karon.

Naki,
Mudassir

Toranke

Mudassir,

Sallama. Muna lafiya. Ban iya doguwar gaisuwa yau ba.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Tawa tana cikin motar Ɗanladi ta nufi kudu, taka tana tahowa. Ina jin yanzu ka karanta ta. To ga sauran labarin.

Kwanaki tallar ba ta zo ba. Ban kawo komai a raina ba, don dama takan yi fashi. Sai ranar raka Zaituna Gafasa ta zo. Duk matan gidan da na maƙwabta za mu tafi, har Hansai. Inna ta ce ƙafarta ta motsa, ba za ta iya zaman Keke Napep ba, a bar ta ta tsare gida. Na ce zan zauna da ita. Ta ce in tafi, ba a barin yarinya ta koma gidansu ba dangin miji a bayanta.

Muna shirin fita ta kira ni ɗaki. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa idi da shi, ta sa kwalli. Ta miƙo min wayar ta ce, "Auta, sa min na manoman nan. Nuna min inda ake taɓawa in wani ya ƙare wani ya shigo." Na nuna mata. Ta sa na sake nuna mata. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba. Na fita ina jin wani irin daɗi a raina, na ce yau dai babu kowa, babu Hansai, babu ni, babu wanda za ta ji wa kunya. Yau Inna za ta kalli ɗanta.

A Gafasa aka yi ta koke-koke, aka ci abinci, aka yi addu'a. Ni hankalina yana gida. Na dinga jan mutane da hira don kada mu dawo da wuri.

Da muka dawo rana ta yi sanyi. Na riga kowa shiga. Tana zaune a tsakiyar rumfa, ba faifai, ba wake. Ta riƙe wayar da hannu biyu dab da fuskarta. Wayar ta mutu, caji ya ƙare. Abincin da na bar mata yana rufe yadda na bar shi. Ban san tun yaushe take riƙe da baƙin gilashi ba.

Da ta ji motsina sai ta ajiye ta a kan tabarma ta gyara ɗankwali. Ta tambaye ni ya muka baro su, ya iyayen Zaituna. Na amsa. Har na juya zan ɗauki buta sai ta ce, da muryar da ake maganar farashin gishiri, "Yau mai surutun bai zo ba."

Na ce wataƙila gobe.

Washegari aka kawo min wasiƙarka daga Gaya, mai albishir.

Na yi fushi da kai, Mudassir, ba zan ɓoye ba. Na yi fushin da ban taɓa yi da wani ba. Wa ya aike ka? Ka tambaye ni? Ka tambayi Zaituna? Ka zauna a Legas ka ji tsohuwa ta ce abu ya dame ta, sai ka ɗauka ya dame ta, kamar ba jinin gidan nan ba ne kai. Yaushe goggonka ta taɓa faɗin abin da take so da sunansa? Garin neman gira ka tsone mana ido.

Da fushin ya lafa sai na ɗauko hankalina. Ni na rubuta maka cewa tana juya baya. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban gane ba sai daga baya, balle kai. Ba na so ka ɗauki wannan kai kaɗai. Amma ba na so ka yi barci mai daɗin nan da ka ce, sai ka nemo tallar nan.

Har yanzu kullum da la'asar tana sa a kunna na manoma. Ana yankewa, ana kawo tallar taki, ana kawo ta maganin feshi. Duk yankewa sai yatsunta sun tsaya.

Ka nemo ta, don Allah.

Fiddausi

Legas

Fiddausi,

Wa alaikumus salam. Duka biyun sun same ni. Ba ni da bakin kare kaina, ba zan ma gwada ba.

Na jinkirta amsa ne don ina so in zo miki da abu a hannu. Ba ni da shi.

Dillalan tallar sun ce ƙa'idar da na roƙe su su bi, ita ce ta ce in an janye talla saboda rasuwa a goge ta daga rumbunsu, don kada ta sake fitowa bisa kuskure. Sun bi ƙa'ida. Kamfanin irin sun ce ba su suka ɗauka ba, kwangila suka ba wasu samari a Kano, abin da aka kawo musu kuma kai tsaye suka tura wa dillalai, wanda ya kula da aikin ya bar kamfanin. Na samu lambarsa, ya haɗa ni da mai kyamarar. Na ɗauki hutu na hau mota har Kano, ban faɗa miki ba, don ban iya ƙarasowa Toranke hannu rabbana ba. Yaron kirki ne. Ya tuna Hamma, ya ce sai da suka sake ɗauka sau da yawa saboda dariya ta hana shi magana. Muka zauna muka bincike kwamfutarsa da duk abin da yake ajiya a ciki. Ya goge aikin bara tun da daɗewa, ya zuba bidiyon bukukuwa a wurin. Da na faɗa masa dalili sai ya rufe fuska.

Na koma wurinmu na tono duk abin da manhajar take rubutawa. Abin da ke akwai shaida ce kawai cewa an nuna talla a wayar Goggo, ta fara, ta ƙare, ba a kashe ba. Kowace rana, ba a kashe ba. Da na duba wannan kafin in rubuta waccan takardar, da na gani.

Ni da na goge shi ko sau ɗaya ban gan shi ba.

Ina so in zo in durƙusa a gaban Goggo in faɗa mata ni ne. Ki faɗa min ko in zo.

Mudassir

Toranke, dawa ta kai gwiwa

Taubashina,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma lafiya, kana kuma cin abinci. Damina ta zauna, gonar bakin fadama ta yi kyau. Zaituna ta zo mana wuni, ta ɗan murmure. Na gode da wahalar da ka sha. Na yafe maka nawa, kai ma ka yafe min.

Ka zo, gidanku ne. Amma kada ka durƙusa mata a kan wannan. In ka nemi gafararta ka nuna mata ke nan mun san tana kallo, ka ga ka ƙwace mata abu na biyu. Ka zo ka gaishe ta, ka ci tuwo, ka yi mata surutun Legas.

Sabuwar tallar ta fito. Na so in riga Inna ganinta, Allah bai yi ba. Muna rumfa da Hansai da wasu mata biyu da suka zo karɓar turmi, aka yanke shiri, sai ga gogen nan, shi ɗin dai, ba su canza ba. Mudassir, Inna ta juya. A gaban kowa. Faifan ya zame daga cinyarta wake ya watse, ta juyo gaba ɗayanta ta fuskanci wayar da ido biyu.

Wani mutum ne. Wani dattijo mai furfura a wata gona da ban sani ba, yana riƙe da zangarniya, yana faɗin maganar Hamma kalma da kalma, sunan gari kawai ya canza. Ta kalle shi har ya gama. Sannan ta sunkuya ta fara tsince wakenta daga ƙasa, muka taya ta. Hansai ta ja matan suka fita, turmin ma ba su ɗauka ba.

Bayan la'asar ɗin ba ta sake cewa a kunna ba. Ta naɗe wayar a tsumma ta sa a ƙasan adaka.

Jiya ina yi mata tsifa a ɗaki, ta ba ni baya, sai ta fara magana. Ina jin don ba ta ganin fuskata ne ta iya.

Ta ce, "Auta, na san tafiyarsa. Ko cikin mutum ɗari ya taho na san takunsa. Na san tarinsa. Ƙeyarsa kuwa babu wanda ya kai ni saninta, don kullum sai ya juya zai fita nake ɗaga kai." Ni kuma na ci gaba da tsifa. Ta ce, "Rabon da in kalli fuskarsa sosai tun ranar da aka ɗauke shi daga bayana aka kai wa kakarku. Ina cewa akwai lokaci. Da aka kawo shi a wayar nan ma na ce akwai lokaci, bari in samu ranar da ba kowa."

Na ce, "Inna."

Ta ce, "Ke kin kalle shi. Faɗa min yadda yake."

Na ajiye tsinken. Na fara daga goshi. Na ce yana da faɗin goshi irin na Baffa mahaifinmu, gashinsa ya fara ja da baya ta gefe. Ta ce in yi a hankali, kada in yi sauri. Na faɗi idanunsa, yadda suke ƙanƙancewa in zai yi dariya har ka rasa ko yana gani. Na faɗi hancinsa, na ce irin nata ne, ta ce kai, ban da zolaya. Na faɗi wushiryarsa, da ɗan gemun da ya ƙi haɗuwa. Ta rufe ido tana gyaɗa kai.

Sai ta ce, "An ce saniya ta taɓa tunkuyinsa yana yaro, ya samu tabo a gira. Ban je na duba ba, ana kallona. Wace girar ce?"

Shekara nawa ina kallon fuskar nan, na rufe ido na neme ta, tabon yana tsalle daga nan zuwa can. Tana jira. Na ce hagu. Ta ce, "Hagu," ta kai yatsa ta shafa girarta, ta karɓa, don ba ta da abin da za ta gwada maganata da shi.

Na tambayi Zaituna a waya, ta fashe da kuka, ta ce ita ma yanzu da na tambaya ta rikice. Hoton katin zaɓen bai nuna komai ba.

Kai ka zauna kusa da shi a kan amalanke, ka yi ta kallonsa kana yaro. Ka zauna ka tuna da kyau. In dama ce, ka rubuto da wuri, kafin ta saba da hagu.

Taubashiyarka,
Fiddausi